Ƙwarya Huɗu a Azumin Bazara

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, katangar ɗakina tana ta fitar da zafin da ta haɗiya tun safe. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, maƙwabta suka shiga kwashe shanya, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Wannan yaudarar ta hadari ce ta ɗauke ni ta kai ni shekara talatin da 'yan kai baya, wani azumin da shi ma ya zo a irin wannan zafi, wanda har yau in na ji ƙamshin kindirmo sai ya faɗo mini a rai.

Lokacin shekarata huɗu a gidan mijina a unguwar Limancin Kona. Ni mace ce mai karatun littattafan soyayya, 'yan siraran nan da ake shimfiɗawa a kan buhu a kasuwa. Ina da su cike da kwalla guda a ƙarƙashin gado. Na shigo aure ina jiran ranar da za a tsaya a gabana a kira ni hasken zuciya. Mijina, wanda unguwa ke kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi a unguwar Kongo, mutumin kirki ne ƙwarai, amma in ka ji muryarsa ta yi laushi, to da saniya yake magana.

A bayan gidan akwai wani tsohon kango, nan ya kafa turakansa. Tun yana saurayi ya haɗu da Malam Dauda, wani malamin dabbobi mutumin Wusasa, Kirista, mai yawo a babur ɗin Besfa da 'yar tukunyar ƙarfe a baya. A cikin tukunyar nan yake ɗauko irin bijiman Turai, masu baƙi da fari, ya sa wa saniya ta allura ba tare da bijimi ya taka gidan ba. Surukata, wadda muke kira Iya, ta ba ni labarin cewa da aka haifi maraƙar farko ta yi wata guda ba ta shiga kangon ba, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin 'yar da ba wanda ya san fuskar ubanta ba sai a gidanta. Wannan maraƙar ita ce Baturiya, ruwa biyu, rabi jinin Turai rabi jinin fararen shanunmu. Da ta girma ta haihu, nonon da ta riƙa bayarwa ya sa mutane suna zuwa kallo daga wasu unguwanni.

Malam Dauda ya ce a tsaya a nan, rabi ya isa. Akawu kuwa ya yi lissafi irin na ofis: in rabi ya ba da wannan, to kashi uku cikin huɗu fa? Ya matsa aka sake yi wa Baturiya allurar Turai har sau biyu, ta haifi Madam da Ledi, manya-manya, bayansu a shafe ba tozo, hantsarsu kamar tulu. Fararen shanun da ya gada wurin mahaifinsa kuwa ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Cikin wannan gida na shigo da farar saniyata. Kakata ta wajen uwa, Inna Dudu, Bafulatana ce, ita ta ba ni ita a matsayin saniyar aure, ita da duk abin da za ta haifa nawa ne. Na sa mata suna Azurfa. Inna Dudu tana da wata ɗabi'a da 'yan'uwanta maza ke yi mata dariya a kai. Su in za su bar bijimi a garke, ƙaho suke dubawa da tozo da hasken fata. Ita kuwa uwarsa take tambaya, tana so ta san ko uwar tana ba da nono a lokacin da ciyawa ta ƙare. In ba ta bayarwa, komai kyan ɗan sai a kai shi kasuwa. Haka ta yi ta tsinta tun tana budurwa har ta tsufa. Azurfa ta zo gidanmu da ciki daga bijimin Inna Dudu, ta haifi namiji fari tas, na sa masa Muradi. Shekara biyu bayan haka Inna Dudu ta rasu, aka raba garkenta, magada suka kai kasuwa. Muradi ya zama shi kaɗai ne namijin da ya rage daga duk wannan tsintar ta shekaru.

Akawu bai taɓa kiran sa Muradi ba. Mai-cin-banza yake ce masa, tunda a ganinsa gidan da allura ke zuwa ba shi da aikin da zai ba bijimi.

Daminar da ta gabaci azumin nan ta ɗauke da wuri. Wake bai yi ba, gyaɗa ba ta yi ba, saboda haka harawar da muka ɗora a kan rufin kango ta ƙare tun kafin a ga wata. Dusa ta yi tsadar da sai ka tsaya ka yi tunani ko kai za ka sha kunu ko saniya za ta ci. Madam da Ledi kuwa ba su san wani abu wai shi haƙuri ba. In ba a cika musu kwatarniya da dusa ba, sai su tsaya su zuba maka ido.

Ranar uku ga azumi, bayan an sha ruwa, Akawu ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, abin da ba ya yawan yi. A unguwarmu duk ƙarshen azumi magidanta kan haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya su yanka su raba naman Sallah, abin da muke kira watanda.

"Saudatu," ya ce, "'yan watanda sun yi mini maganar bijiminki."

Ya yi ta bayani a hankali, kansa a ƙasa: kuɗin zai sayi harawa da dusar da za su kai shanun har saukar ruwa, bijimi ba ya ba da nono, kuma mahaucin da ya gan shi a hanyar kiwo ya yaba ƙwarai. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Naki ne. In kin ce a'a, an gama magana. Amma ki je ki dubi Madam."

A littattafan da nake karantawa, mace in tana son miji ko idonta ya nema sai ta cire ta miƙa masa tana murmushi. Wallahi har na buɗe baki zan ce ya ɗauka, don na ga irin kallon da zai yi mini. Abin da ya tsayar da ni wani ƙaramin abu ne da na daɗe ina lura da shi. Kullum da safe Akawu yakan tatsi shanun huɗu duka a bokiti ɗaya, ya kawo mini, ya ce ga aikin Madam. Da damina ya taɓa auna ta ita kaɗai a gaban baƙi, tun ranar duk abin da ke cikin bokitin nata ne a wurinsa. Ni da nake dafa madarar ina zuba ta a ƙwarya ta kwana, na san akwai wani kauri da maiƙo a cikinta da ba daga Madam yake fitowa ba, amma ba ni da abin nunawa.

Na ce ya ba ni zuwa ana saura kwana biyu Sallah. Na ce kuma daga gobe kowace saniya a tatse ta a ƙwaryarta daban. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko gasar karatu zan shirya musu. Na ce ƙoren nawa ne, wankinsu ma nawa ne, shi dai ya tatsa. Ya ce to.

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. In an idar da sallar asuba gari ya fara haske, sai mu shiga kango, shi da kujerarsa ni da ƙorena huɗu, kowace da faifanta mai launi daban. Madam da Ledi da ka taɓa su nono ya zubo. Azurfa kuwa sai an fara sako mata 'yar maraƙar da take goyo ta tsotsa, sannan ta yarda ta saki, Akawu yana tsaki yana cewa taurin kai irin na mai ita. Da hantsi makiyayin unguwa yakan biyo yana tattara shanun mutane ya fita da su ta Ƙofar Gayan, su je su yi ta lasar busasshen kara a gonaki. Azurfa da Muradi da Baturiya sukan bi shi. Madam da Ledi an gwada sau ɗaya, aka dawo da su suna haki harshe a waje, tun daga nan suka zama 'yan zaman rumfa.

Akawu na fita ofis, ni da Iya sai rijiya. Sau biyu muka ƙara wa guga igiya a watan nan. Ruwan yakan fito ja, sai an bar shi ya kwanta. Mu ja mu zuba wa Madam, ta shanye kafin mu juya, mu ja mu zuba wa Ledi, sannan mu jiƙa buhuna mu lulluɓe musu baya. Ban san azaba irin ta mai azumi yana jan ruwa ba. Sanyinsa yana bin hannunka har gwiwar hannu, ƙamshin laka yana shiga hancinka, harshenka kuma ya manne a dasashi. Yanzu a kangon nan famfon burtsatse ne da tanki a sama, mai kula da shanu ya murɗa ya koma inuwa. Nakan tsaya ina kallon ruwan yana zuba ina jin tafin hannuna yana tuna igiya.

Da azahar ba abin da ke motsi a birni. Ƙadangaru su maƙale a jikin katanga baki a buɗe, kaji su tona ƙasa a gindin randa su kwanta. A lokacin muke zama a inuwar zaure ta ciki muna sassara karan dawa ƙanana da adda, mu yayyafa masa ruwan kanwa ko shanun za su yarda su ci. In mun gama sai cirar kaska. Jikin Azurfa da wuya ka samu biyu ko uku, na Ledi kuwa bayan kunne da ƙarƙashin wutsiya kamar an shuka su. Da la'asar a daka fura, Iya ta zauna kaɗa nonon jiya don fitar da mai, kwanonin maƙwabta su fara shigowa, kowa na son kindirmon buɗa-baki. Da abin da ke shigowa ta kwanonin nan muke sayen gero da tsamiya, don albashin Akawu a cikin shanu yake ƙarewa. In ladan ya kira magariba, kurɓin farko na ruwan randa nakan ji shi yana sauka har tafin ƙafata.

Goman farko ta Akawu ce. Ƙwaryar Madam takan cika har baki, ya karkato mini ita, ya wuce yana 'yar waƙa a hanci. Ta Azurfa da ƙyar take wuce rabi. Na fara jin kunyar kaina.

Iya ce ta fara ganin wani abu. Da farko ta yi mita, ta ce na ƙara mata aiki, kaɗi ɗaya ya zama huɗu. Amma wata la'asar ta kira ni ta nuna mini curin mai guda biyu a kan faifai. Na Madam, daga cikakkiyar ƙwarya, bai fi ƙwan zabuwa ba. Na Azurfa, daga rabin ƙwarya, ya kusa ƙwan agwagwa. Ta rage murya ta ce kada in gaya wa Akawu tukuna, a bar shi ya gama waƙarsa. Daga ranar na samu abokiyar yaƙi. Ba a jima ba masu aiko kwano suka fara saƙo cewa a zuba musu na farar, shi ne yake tsayawa a ludayi.

A goma ta biyu zafi ya kai inda ya kai. Sau uku hadari yana haɗuwa yana watsewa. Dusar da ta rage muka koma aunawa da gwangwani. Madam ta daina kwanciya, ta tsaya cikin rumfa tana haki tun walha har yamma, ƙwaryarta ta sauko rabi, ta sauko ƙasa da rabi. Ledi ta bi bayanta. Baturiya ta ragu amma ba ta faɗi ba. Azurfa kuwa, da take yini a rana tana cin abin da ko akuya za ta raina, inda nononta ya tsaya a ƙwarya ranar farko nan yake tsayawa kullum, har wurin ya yi zobe. Akawu ya daina waƙa.

Ina cikin jin daɗina sai Ledi ta kwanta. Ranar ashirin da ɗaya ce. Jikinta ya yi zafi, ta ƙi kara, ta ƙi ruwa, fitsarinta ya koma ja. Akawu bai je ofis ba. Ya zauna a ƙasa kusa da kanta yana kore mata ƙudaje da hularsa. Da na kawo jiƙaƙƙen buhu ya karɓa bai dube ni ba. Bai ce laifina ne ba, bai taɓa faɗa ba, amma na san abin da yake lissafawa: da an sayar da bijimin tun uku ga wata, da Ledi tana da abincin da za ta yi ƙarfin jure ciwo. Kwana biyu ba abin da ke shiga tsakaninmu sai gaisuwa. Na shiga ɗaki na ɗauko littafi don in huce, na tarar ko layi ɗaya ba ya shiga kaina. Na yi kuka sosai. Na ce wa Iya zan je in ce masa ya kira mahauci. Ta ce in wanke fuskata in je in wanke ƙorena, kwana bakwai ne suka rage, kuma ba ta kaɗa nono sau huɗu kullum don in karaya a hanya ba.

Malam Dauda yana ƙauye wajen aiki, sai a rana ta biyu saƙo ya same shi. Ya iso da tsakar rana, rigarsa sharkaf da gumi. Iya ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ya gode ya ce ba zai sha a gaban masu azumi ba, ya bari sai ya fita gari. Ya duba Ledi, ya ce zazzaɓin kaska ne, ya yi mata allura biyu. Yana wanke hannu ya hango ƙorena huɗu a jere a inuwar katanga, ya tambayi ko na mene ne. Iya ta kwashe labari ta gaya masa, har da ƙwan zabuwa da na agwagwa, ni ina bayan zana ina ji.

Ya buɗe faifan ɗaya bayan ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya ce abin da su ma suke yi ke nan a wurin aikinsu, sai dai su da sikeli da littafi. Sannan ya yi maganar da ban so ba. Ya ce hanyar Inna Dudu hanya ce mai kyau amma mai jinkiri, mutum sai ya ƙare rayuwarsa yana tsinta kafin ya ƙara ludayi biyu, alhali Baturiya a haihuwa ɗaya ta yi tsallen da farare ba za su yi a haihuwa biyar ba. Ya nuna ƙwaryarta, kuma gaskiya ne, a ranar ita ce ta fi kowa. Amma ya ce ƙarfin Baturiya na jure rana da kaska daga uwarta ta samo shi, kuma duk ƙarin jinin Turai da aka yi wa 'ya'yanta wannan ƙarfin aka rage. Ya juya wajen mijina.

"Akawu, allurata rabin aiki take yi. Ɗaya rabin yana wajen farar uwa. In kowa ya yanka fararensa na kirki, ni da me zan haɗa?"

Akawu ya tambaye shi kai tsaye ko ya sayar da bijimin ko kada ya sayar. Malam Dauda ya ɗaure tukunyarsa a bayan Besfa, ya ce shi ciwon dabba ya iya, wannan kuwa maganar cikin gida ce.

Ledi ta ɗaga kai bayan kwana biyu, ta tashi a na huɗu, ƙashi da fata. Madam ba ta yi ciwo ba, amma nononta ya kafe ƙaf. Abincin da ya rage a gidan ba zai kai mako ba.

Ana saura kwana biyu Sallah, bayan la'asar, na ji sallamar maza a zaure, da muryar mahauci a cikinsu. Akawu ya shigo ya tsaya a tsakar gida. Na riga na jera ƙoren safiyar ranar a gaban ɗakina, a buɗe: ta Baturiya sama da rabi, ta Azurfa a kan zobenta, ta Ledi ɗan abin da ya rufe gindi, ta Madam busasshiya. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce masa a'a a kan komai ba.

"Suna jira," ya ce.

"A'a, Malam. Ba zan bayar ba. Ƙwaryar uwarsa ce waccan."

Ya dubi ƙwaryar Azurfa, ya dubi ta Madam, ya daɗe a kan ta Madam. Iya tana bakin murhu tana fifita wutar da ta riga ta kama. Ya juya ya fita, ni kuma na bi shi a hankali na laɓe a bayan katangar zaure, ina jiran in ji ya ba su haƙuri da muryar wanda matarsa ta kunyata.

"Jama'a, bijimin nan ba nawa ba ne," na ji ya ce. "Mai shi ta ce a'a. Na yi shekara goma ina kiwo da bokiti ɗaya, ita ta yi wata ɗaya ta fi ni sanin shanuna. In kuna so, ga Madam."

Na dafa katangar nan mai zafi da hannu biyu. A gaban magidantan Limancin Kona, har da na'ibin liman, ya faɗi haka. Duk littattafan da ke cikin kwallata ba wanda aka taɓa gaya wa mace magana mai daɗin wannan.

Zauren kuwa ya kaure da surutu. Wani dattijo ya ce shi tun yana yaro bai taɓa jin watanda ba tozo ba, wani ya tambaya ko naman yana jin Hausa. Mahauci ya shiga kango ya zagaya Madam, ya daddanna cinya, ya fito ya ce duk da ramarta ƙashinta babba ne, kaso zai yi kauri. Aka daidaita. Da za a fita da ita Akawu ya shige ɗakinsa ya rufo ƙofa, ni na riƙe mata ƙyauren baya. Na shafa wuyanta, don ban taɓa ƙin ta ba. An kawo ta ƙasar da ba tata ba ce, ta kuma yi iyakar ƙoƙarinta. Kasonmu da ya zo Akawu bai ci ko tsoka ɗaya ba, kuma har ya tsufa abokansa suna tsokanar sa da mai watanda ba tozo.

Washegari jakuna uku suka sauke harawa a ƙofar gida. Ita ta riƙe mu har kwana tara bayan Sallah, ranar da hadari ya haɗu bai watse ba. Iska ta fara zuwa mai sanyi, sannan manyan ɗigo suka riƙa faɗowa ɗai-ɗai suna huda ƙasa, sannan sama ta buɗe. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan. Muka fito da duk wani abu mai baki muka tara a ƙarƙashin indararo. Ledi ta fita daga rumfa da kanta ta tsaya cikin ruwan, Muradi kuwa ya yi ta tsalle a turke yana kuka kamar maraƙi. Ni ma na tsaya ruwan ya dake ni har Iya ta ce in shigo kada a ce surukarta ta zautu.

Da Ledi ta murmure ta nemi namiji, Akawu da hannunsa ya kwance Muradi ya kai mata. 'Yar da ta haifa ta fito da ɗan ƙaramin tozo, tana bin makiyayi har bayan ganuwa ta dawo ba haki, nononta kuma ya kusa na Baturiya. Daga nan tsarin gidanmu ya zauna. Muna riƙe farare zalla, muna tsintar su ta nonon bazara, mafi kyawunsu kaɗai ake yi wa allura, kuma a rabi ake tsayawa. Shanun da ke kangonmu yau duk akwai jinin Muradi a jikinsu.

Wata Asabar cikin daminar da ta biyo bayan wancan azumi, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallama da muryar da na sani, amma ban ji ƙarar Besfa ba. Akawu ya fita, ya ɗan jima, ya dawo ya tsaya a bakin zaure yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya ce Malam Dauda ne, a ƙafa ya tako tun daga Wusasa, taɓo har gwiwar wando, yana jaye da wata farar saniya tasa ta kansa. Ya ce wannan ba allura yake so a yi mata ba, farar 'ya yake nema daga gare ta.

"Na ce masa ya shigo da ita, ya ce a'a, wurin mai bijimi ya zo, sai ta ba da izini."

Na kakkaɓe hannuna na shiga ɗaki. Na buɗe akwati na ɗauko mayafin da na yi Sallah da shi, na ga bai yi mini ba, na ɗauko na aurena mai zaren zinariya, na tsaya a gaban madubi na gyara shi sau uku. Iya ta leƙo ta ce mutumin kirki yana tsaye a waje da saniya. Na ce na sani, Iya, yanzu zan fito.